Ledar Ruwan da Aka Rataya wa Baba

Ku da kuke ta turo min saƙo kuna cewa na cika zaɓe, wai mace ta samu mai mota da ƙamshi tana ja masa aji, ku gyara zama. Yau zan ba ku labarin ranar da mai ƙamshin nan ya yi aikin likita a ɗakin mahaifina, in kun gama karantawa sai ku sake ba ni shawara.

Ni ma'aikaciyar jinya ce, a ɗakin masu ciwon zuciya da ƙoda nake aiki. A asibiti ana saurarona, likitoci ma sukan tambaye ni yadda na ga mara lafiya kafin su rubuta magani. A gidanmu kuwa ni ce yarinyar da aka tura makaranta ta koyo gardama. Abu ɗaya Umma ta yarda na iya, shi ne sa ƙarin ruwa, don a wurinta ledar ruwa ita ce maganin komai. Ciwon kai a ƙara ruwa, gajiya a ƙara ruwa. Ranar da Gwaggo, yayar Baba, ta yi faɗa da surukarta ta zo tana huci, Umma cewa ta yi in sa mata ko leda ɗaya ce ta huce.

Wanda gidanmu suka ƙwallafa rai a kansa kuwa dillalin magunguna ne, yana shigo da su daga waje yana rarraba wa kantuna da asibitoci. Bai taɓa zama ajin likitanci ba ko na wuni guda, amma kowa a gidan Dokta yake ce masa, shi kuma yana amsawa har da gyara wuyan riga. Ni a wayata Mai Turare na rubuta, saboda ƙamshinsa kan riga shi shigowa, ya kuma rage bayan ya tafi. Ba zan yi muku ƙarya ba, ina sonsa. Ina son yadda yake jirana a bakin asibiti in na tashi aiki, ya kunna sanyin mota, ya miƙo min lemo ban tambaya ba. In kin wuni kina kwashe fitsari da amai, ƙaramin abu ne ke sace miki zuciya.

Baba zuciyarsa ta raunana tun bara. Likita ya ɗora shi a kan ƙwayar fitsari, mai rage ruwan da ke taruwa a jikinsa, da wata 'yar fara ƙarama da ake kira digoksin, mai ƙarfafa bugun zuciya. Ita digoksin ba ta da wasa. Tsakanin adadin da ke gyarawa da wanda ke kashewa tazarar kaɗan ce, shi ya sa ni da hannuna nake ɓare masa ƙwayoyin, in jera su a ɗan akwatin roba mai gida-gida, kowace rana da nata.

Ranar ina aikin safe, ina tsakiyar canza wa wata tsohuwa zanin gado, Umma ta kira.

"Babanki tun jiya yake amai, ko shayi ba ya zama. Ki taho da leda biyu ki sa masa."

"Umma, kar a sa masa komai. A kawo shi nan yanzu."

"Kin san ba ya son asibiti. Ruwa ne kawai, jikinsa ya bushe."

"Mai ciwon zuciya ba a sa masa ruwa haka kawai. Ƙafarsa ta kumbura?"

"Ta ɗan yi nauyi. Ke dai kullum sai kin mai da ƙaramin abu babba."

Ta kashe wayar. Ina neman shugabar ɗakinmu in roƙe ta ta sake ni, sai ga saƙon Mai Turare: "Gimbiyata, kwantar da hankalinki. Umma ta kira ni, Dokta na kan hanya." Har da hoton ɗan mutum mai baƙin tabarau. Na rubuta masa: "Kar ka taɓa shi. Ka sa shi a mota ka kawo min shi." Alamar ya karanta ta fito. Amsar da na samu hoton kwalin ledojin ruwa ne a kujerar bayan motarsa, da zuciya ja a ƙasa. Na kira shi bai ɗauka ba, na kira Umma ita ma haka.

Kafin a samu mai riƙe min marasa lafiyata rana ta take. Na tari tasi da farar rigar aikina da takalmin roba, ko mayafi ban gyara ba.

Ina shiga falo na san an yi babban baƙo. An yaye ledar da ke kan kujeru, an fito da kofunan gilashin nan masu bakin zinariya waɗanda ni tun da aka haife ni ban taɓa shan ruwa a cikinsu ba. Gwaggo na zaune a ƙofar ɗakin Baba cikin doguwar riga mai duwatsu, awarwaro har gwiwar hannu, ta zo dubiya kamar an gayyace ta a ɗauki hoto.

"Ga Nas ta iso bayan an gama aiki," in ji ta. "Shiga ki ga yadda ake yi."

Na shiga na gani. An saƙale ledar ruwa da abin rataye riga a jikin sandar labule, ruwan rawaya shar, yana zuba a guje kamar an manta famfo a buɗe. Wata ledar tana yashe a ƙasa, babu ko ɗigo a cikinta. Mai Turare na tsaye cikin farar riga mai guga, ya naɗe hannu zuwa gwiwa, ya cire agogonsa ya ajiye a kan teburin gefen gado, ga safar hannu ya sa. Umma na gefe tana kallonsa, fuskarta cike da alfahari.

Baba kuma an shimfiɗe shi rigingine babu matashi, bakinsa a buɗe, yana jan numfashi da kafaɗu.

Ban yi sallama ba. Na murɗe ɗan makullin igiyar ruwan na rufe, na cusa hannu a bayan Baba na ɗaga shi zaune, na tara masa matasai, na sauko da ƙafafunsa ƙasa.

"Ke, lafiyarki?" in ji Umma. "Saura rabi fa."

"Gimbiya, ki bari ta ƙare," in ji Mai Turare yana murmushi. "Ta farko ta gishiri na sa masa, don ya yi amai da yawa. Wannan ta sukari ce, na zuba bitamin a ciki, shi ya ba ta launi. Yanzu za ki ga ya miƙe."

Ya faɗa da ƙwarin gwiwar mai jera kaya a kanta. Bari in gaya muku abin da ya yi, don na san cikinku akwai masu rataye wa iyayensu leda a ƙusar bango. Ruwan gishiri in ya shiga jijiya, a cikin jini yake zama ya ƙara masa yawa. Lafiyayyar zuciya za ta tura shi, ƙoda ta fitar. Zuciyar Baba da ƙyar take tura nata kason, in aka ƙara mata kaya sai ruwan ya koma baya ya cika huhu, mutum ya nutse yana kwance a kan gadonsa. Ruwan sukari kuma yana sa wani sinadari da zuciya ke dogara da shi, fotasiyam, ya ragu a cikin jini, alhali amai da ƙwayar fitsari sun riga sun kwashe shi. Launin rawayan da suke ta yabo kuwa, fitsari kawai yake rinawa.

Na danna ƙwaurin Baba da babban yatsa, wurin ya lotsa bai dawo ba. Jijiyar wuyansa ta cika ta tashi. Na ciro abin sauraron ƙirji daga aljihu na ɗora a bayansa, ƙasan huhu biyun suna ƙara kamar ana murza ledar biredi. Mutumin da aka ce jikinsa ya bushe, ruwa ne ya yi masa yawa tun kafin a taɓa shi. Sai na kama wuyan hannunsa. Bugun bai kai hamsin a minti ba, kuma yana tsallake, ya buga ya buga ya yi shiru, sai ka fid da rai sannan ya dawo.

Baba ya buɗe ido ya dube ni. Shi Mamana yake ce min.

"Mamana, wa ya canza ƙwan fitilar nan? Komai ya koma rawaya. Har fuskarki."

"Kun ji ko," in ji Gwaggo daga ƙofa. "Ruwan ya hau har ido. Ƙarfi na nan tafe."

"A'a, Yaya," in ji Umma, "tun jiya yake faɗin haka, kafin a sa ruwan."

Tun jiya. Amai, ƙin abinci, bugun zuciya a hankali yana tsallake, ga ganin rawaya. Duk wadda ta yi aiki a ɗakinmu ta san wannan jerin, digoksin ce ta yi yawa a jini ta zama guba. Na ɗauko akwatin robar na duba, gidajen da ya kamata su zama babu komai babu komai, sauran suna nan yadda na jera. Daga hannuna ba a yi kuskure ba.

"Umma, me Baba yake sha bayan wannan?"

Ta fara gyara ɗankwali. Duk wanda ya san Umma ya san in ta fara gyara ɗankwalin da bai zame ba, akwai magana.

"Wani ne Dokta ya kawo masa, na ƙasar waje, mai kyau. Na ƙarfin zuciya."

"Tun yaushe?"

"An kwana biyu. Safe da yamma nake ba shi."

"Me ya sa ba a faɗa min ba?"

"Don duk abin da yaron nan ya kawo sai kin kushe. Mutum ya yi abin arziki a bar shi ya yi."

Na juya wurin Mai Turare. Yana tattara fankon ledar da auduga, murmushin ya ragu.

"Mene ne sunan maganin?"

Ya faɗi wani suna mai daɗin ji.

"Ba sunan kamfani na tambaya ba. Mene ne a cikinsa?"

"Orijina ne fa, gimbiya. Manyan mutane ke sha."

Kun ji Dokta. Ya san sunan kwali, ya san ƙasar da ya fito, amma bai taɓa tambayar me tsohon yake sha ba kafin ya ƙara masa. Na dubi teburin gefen gado ina neman kwalin, agogon ya koma hannun mai shi, teburin kuma an share shi tas. Ban tsaya bincike ba, numfashin Baba ya fara fita da gurnani.

"Kama shi, mota za mu. A zaune, kar ka kwantar da shi."

A nan dai ya yi amfani, yana da ƙarfi kuma motarsa tana gudu. Na zauna a baya na rungume Baba a ƙirjina, yatsuna a wuyan hannunsa. Umma da Gwaggo suka matsu a gefe, Gwaggo tana faɗin da an bar ledar ta ƙare da yanzu yana zaune yana cin abinci. Ni kuwa ina jin bugun nan yana ɓacewa a ƙarƙashin yatsuna yana dawowa.

A ɗakin gaggawa abokan aikina suka karɓe shi. Aka sa masa iskar oksijin, aka yi masa allurar fitar da ruwa, aka manna masa wayoyin na'urar duba zuciya, aka ɗebi jini. Likitar da ke aiki ranar babbar mace ce mai furfura a gaban kai, ba ta da yawan magana. Ta saurare ni, ta kalli layin da ke gudu a na'urar, ta fito da ni baranda inda su Umma ke tsaye.

"Na yarda da ke, gubar digoksin ce. Amma gwajin da zai nuna yawanta a jini sai an kai wani wuri, ba zan iya jira ba. Ina so in ga kwalin. Ƙarfin ƙwayar nawa, kuma nawa ya sha. Da shi zan san abin da zan ba shi."

Na buɗe baki, Umma ta riga ni.

"Likita, babu wani abu fa. Maganinsa na kullum ne kawai."

Ta damƙe hannuna ta ja ni gefe, tana magana ƙasa-ƙasa, farcenta na shiga fatata.

"Ki rufa masa asiri. Danginsa sun kusa zuwa neman aurenki, kina so a ce gidanmu ne suka kai shi ƙara? Da kyakkyawar niyya ya yi."

"Umma, Baba ne a ciki."

"Ai na sani. Su likitoci ba sai su gane da kansu ba?"

Na zare hannuna na nufi Mai Turare. Yana jingine da bango yana danna waya, ya warware hannun rigarsa ya ɓalla maɓalli, ya koma baƙon da ya kawo mara lafiya don Allah.

"Ba ni kwalin."

"Wane kwali?"

"Wanda ka ɗauke daga kan tebur."

Ya matso kusa, ƙamshin ya cika min hanci, ya rage murya irin yadda yake yi a waya in yana so in yi dariya.

"Gimbiya, ki gane. In aka rubuta a fayil cewa ni na ba shi magani na kuma sa masa ruwa, hukuma za ta rufe min sito. Rayuwarmu ce ni da ke. Ki ce kawai ya sha nasa da yawa, tsufa ne, kowa zai yarda."

Wato in ɗora wa Baba laifin, ko in ɗora wa hannuna da ke jera masa ƙwayoyi, don sito ya zauna lafiya. Na dube shi sama da ƙasa. Riga mai guga ba ta iya ɓoye komai, ga shatin abu mai kusurwa huɗu a aljihun gefensa na dama.

Na zura hannu a aljihun na ciro.

Gwaggo ta saki salati. Masu jinya da ke zaune a benci suka juyo gaba ɗaya, wani mai gadi har da matsowa. Ni ko a jikina. Na karanta ƙananan rubutun da ke ƙasan babban sunan: digoksin ce, ƙarfinta ninki biyu na wadda Baba ke sha. Na zaro katin ƙwayoyin, kusan duk gidajen an fasa su. Wannan ake ba shi safe da yamma, a kan tasa ta kullum.

Na miƙa wa likitar. Ta karanta, ta ƙirga gidajen da ido, ta juya ciki da sauri.

"A gaban mutane," in ji Mai Turare. Ransa ya ɓaci, ba don Baba ba. "Ni za ki sa wa hannu a aljihu a gaban mutane kamar ɓarawo."

"Da ka ba ni da ban sa ba."

Ya kalli Umma ko za ta ce wani abu, Umma ta sunkuyar da kai. Ya kaɗa makullin motarsa ya fita, takalminsa na ƙara a kan tayil har ya sha kwana.

"Shi ke nan, kin kore shi," in ji Gwaggo. "Sai ki auri kwalin."

Ban kula ta ba, na koma ciki. Numfashin Baba ya ɗan sassauta, jakar fitsari ta fara cika, amma layin da ke na'urar ya ƙara lalacewa, tazarar da ke tsakanin bugu da bugu tana ƙara faɗi. An yi masa allurar da ke ɗaga bugun zuciya, ya ɗan tashi ya sake sauka. Na riƙe hannunsa, sanyi ƙalau. Ya motsa baki a cikin robar iskar, na san Mamana yake cewa.

Likitar ta kira ni gefe, tare da mai kula da ɗakin magani na asibitin, wani dattijo mai tabarau.

"Allurar nan riƙe shi kawai take yi, ba za ta daɗe ba," in ji ta. "Da yawan abin da ya sha, makarin gubar yake buƙata, allurar da ke kama digoksin a cikin jini. Kuma yau, kafin zuciyar ta gaji."

"Ba mu da ita," in ji dattijon. "Ba kasafai ake nema ba, sai a firiji take zama, asibiti ba ya ajiyewa. Na buga wa manyan asibitoci biyu, su ma babu. Kamfani ɗaya ne yake shigo da ita garin nan."

Ya faɗi sunan. Kamfanin Mai Turare ne.

Na fito baranda. Umma ta ji komai daga bakin ƙofa. Na zaci za ta ce ai ta faɗa min, amma ba ta ce ba. Ta zauna a ƙasa kan tayil da kayanta masu kyau, ɗankwalin ya zame da gaske wannan karon, tana kuka ba sauti.

"Ni na ba shi da hannuna," take faɗi. "Safe da yamma."

Na ciro waya. Saƙon Mai Turare na jirana: "Na gode da tozarci. Ki goge lambata, ni na goge taki."

Ku masu ba ni shawara, ban san me za ku yi ba. Ni dai na raina mutumin nan a ranar fiye da yadda na taɓa raina kowa, har yanzu da nake rubuta muku raina bai huce ba. Amma ta gilashin ƙofa ina hango ƙafafun Baba a kumbure sun leƙo daga ƙarƙashin zanin asibiti, ina jin ƙarar na'urar tana jinkiri. Na danna kira. Ta yi ta ringi har ta katse. Na sake dannawa, sai da ta kusa katsewa ya ɗauka.

"Wa ke magana?" ya ce.

Na rufe ido, na danne fushina.

"Ni ce, Dokta," na ce. "Don Allah kar ka kashe."